Tambayoyin Masu Karatu: Zaɓen Dangin Batir Kafin Sayen Injinan Aiki Marasa Waya

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowa yawancinsu a kan injinan hannu masu aiki da batir suke: injin huda, injin ɗaure sukuru, zarton lantarki, giranda da sauransu. Mun tace su, mun haɗe masu kama da juna, ga amsoshin.

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, duk injinana masu waya ne, ina so in fara komawa masu batir. Wani ya ce Makita, wani DeWalt, wani Milwaukee, wani Bosch. Wanne ya fi? Daga wani kafinta.

Wa alaikumus salam, Malam. A tsakanin waɗannan huɗun babu wanda injin hudarsa zai kasa yi maka aikin katako. Bambancin da zai taɓa aljihunka yana wajen batir. Kowane kamfani yana da nasa dangin batir, da nasa siffar mazauni da nasa jerin haƙoran ƙarfe, kuma batirin wannan ba ya shiga injin wancan. Ranar da ka sayi injin farko da batir biyu da caja, ka zaɓi kamfanin da za ka riƙa sayen na biyu da na uku a wurinsa, domin daga nan gangar inji kawai za ka riƙa saya ba tare da batir ba, wanda ya fi araha sosai. Kuma inji mai kyau yakan fi batirinsa tsawon rai. Batirin litiyam yakan fara nuna gajiya bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar, saboda haka a rayuwar inji ɗaya za ka iya canza batir sau biyu ko fiye.

Don haka kada ka fara da injin huda wajen yanke shawara, kowa yana da shi. Ɗauki takarda ka rubuta duk injinan da kake sa ran mallaka nan da shekara uku zuwa biyar. Ga kafinta, galibi zarto mai faranti, injin fere katako, injin goge katako, injin sassaƙa baki da bindigar ƙusa. Ka ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi cin wuta da wanda ya fi wuyar samu. Sai ka duba wane kamfani ne ke da waɗannan biyun masu inganci a kan batir ɗaya. Shi ne naka. Mai aikin famfo zai ga cewa injinan matse bututu da na yankan shi sun yi yawa a dangin Milwaukee. Kafinta yakan sami abin da yake nema a dangin LXT na Makita ko a DeWalt. Mai ƙananan gyare-gyaren gida da shara da yankan ciyawa zai sami wadatar kaya a dangin ONE+ na kamfanin Ryobi a kan kuɗi kaɗan, sai dai ba a gina su don wahalar kullum ba.

Abu na biyu, wanda mutane ke mantawa: a inda kake, wane kamfani ne za ka iya samun batirinsa na asali da cajarsa da kayan gyaransa ba tare da jiran wata guda ba? Inji mafi kyau a duniya, in batirinsa ya mutu ranar da kake tsakiyar aiki kuma babu mai sayar da na gaskiya kusa, ya zama kayan ajiya. Ka tambayi masu gyara, ba masu sayarwa kaɗai ba, wane iri ne suke samun makunni da bakin riƙe ƙarfen huda da allon lantarkinsa. In kana aiki da abokai a wuri ɗaya, ka duba abin da suke riƙe da shi, domin aron batir a tsakiyar rana yana ceton aiki.

Na uku, ka duba tarihin dangin. Ryobi ta fito da ONE+ a 1996 kuma har yau batirin sabo yana shiga injin wancan lokacin. Makita ta fara LXT a 2005, Milwaukee ta fara M18 a 2008, DeWalt ta fara dangin batir mai zamewa cikin inji da take kira 20V MAX a 2011. Dangin da ya daɗe haka yana da wuya a yi watsi da shi dare ɗaya, kuma akwai kayansa na hannu da yawa. Inji mara suna da ke zuwa da batirinsa na musamman, in shagon ya daina kawo shi, shi ke nan.

Shawararmu a aikace: ka sayi saiti na farko mai injin huda da injin ɗaure sukuru da caja da batir biyu, ka tabbata motonsu mara burushi ne. Moto mara burushi ba ya asarar wuta wajen gogayya da tartsatsi, yana daɗewa a kan caji ɗaya, kuma babu gawayin da za ka riƙa canzawa. Kada ka sayar da injinanka masu waya tukuna, musamman giranda da injin fere. Za mu faɗi dalili a ƙasa.

Na ga wani inji an rubuta 18V, wani 20V, har na ga mai 88V da kuɗinsa bai kai rabin na 18V ba. Ashe ba mai lamba babba ya fi ƙarfi ba? Daga wani mai koyon aikin lantarki.

Ɗan'uwa, V ma'aunin ƙarfin wutar batir ne, kuma 18V da 20V abu ɗaya ne. A cikin kowane ɗayansu akwai ƙwayoyin batir biyar a jere, kan wannan a gindin wancan. Kowace ƙwaya tana ba da 3.6V a matsakaicin aiki, biyar sun ba da 18V. Lokacin da aka cire shi daga caja, kafin a ɗora masa nauyi, kowace ƙwaya tana kan 4V ko sama kaɗan, sai jimilla ta zama 20V zuwa 21V. Wani kamfani yana rubuta lambar aiki, wani yana rubuta lambar cikar caji. Shi ya sa batirin DeWalt da ake sayarwa a Amurka da sunan 20V MAX, a Turai 18V XR ake rubuta masa, kuma kaya ɗaya ne. Haka 12V ƙwaya uku ce, wato 10.8V. Mai 40V ƙwaya goma ce a jere, 36V. Mai 60V ƙwaya goma sha biyar ce, 54V.

Da wannan lissafin za ka gane mai 88V da kanka. Kafin a sami 88V na gaskiya ana bukatar ƙwaya sama da ashirin, kowace tana da nauyin kusan giram 45, wato batirin kaɗai zai wuce kilo guda. In ka ɗaga shi ka ji bai kai rabin kilo ba, ƙwaya biyar ce a ciki, wani lokaci ma ƙasa da haka. Sa masa mitar auna wuta bayan ya cika. Za ka ga 21V ko ƙasa. Wanda ya yi maka ƙarya a kan abin da mita za ta tona cikin daƙiƙa biyar, kada ka yarda da sauran abin da ya rubuta a jikin kwalin.

Giranda ta mai batir tana tsayawa da zarar na danna ta a kan ƙarfe, alhali batirin ya cika. Batirin 2.0Ah ne, wanda ya zo da injin huda. Injin ne ya lalace? Daga wani mai walda.

Da wuya injin ne, Malam. Batirin ne ya yi mata kaɗan, kuma matsalar ba ta yawan caji ba ce kawai.

Ka ɗauki batir kamar tankin ruwa: Ah girman tankin ne, amma akwai kuma faɗin bututun da ruwan ke fita. Batirin 2.0Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi biyar, duk wutar da inji ya ja ta cikin wannan layin za ta bi. Irin waɗannan ƙwayoyin an yi su su ba da amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke kwarara) 20 zuwa 25 a ci gaba. Giranda kuwa in ta ciji ƙarfe tana iya neman wat 800 (wat shi ne V a ninka da amfiya). Raba 800 da 18, ka sami amfiya 44. Da ka danna, ƙarfin wutar batirin sai ya faɗi ƙasa, ƙwayoyin su ɗau zafi, tsarin kariya ya yanke wuta don kada su ƙone. Ka saki, wutar ta farfaɗo, fitilar batir ta nuna maka a cike yake.

Batirin 4.0Ah ko 5.0Ah na gargajiya layi biyu ne, ƙwaya goma, saboda haka kowane layi rabin nauyin yake ɗauka. Shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a sa wa giranda, zarto mai faranti ko injin fasa kankare. Akwai kuma batura masu manyan ƙwayoyi. Tsohuwar ƙwaya ana kiranta 18650, faɗinta milimita 18, tsawonta 65. Sabuwar 21700 ce, milimita 21 da 70, tana ɗaukar caji da yawa kuma tana jure jan wuta mai yawa. Batirin 8.0Ah yawanci goma ne na irin wannan, 12.0Ah kuma goma sha biyar.

Sai batun tsawon lokacin aiki, a nan ne ake yawan jin takaici. Ninka V da Ah ka sami Wh, wato ainihin yawan wutar da ke ciki. Batirin 18V mai 5.0Ah yana da 90Wh. In girandarka tana cin wat 500 a matsakaici, 90 a raba da 500 ya ba da kusan minti 11 na yanka ba tsayawa. Wannan ba lalacewa ba ce, iyakar abin ke nan. Mai walda da zai wuni yana goge ɗinki a benci, giranda mai waya ce tasa. Mai batir ta hawa sama ce, da yanke ƙarfe biyu ko uku a inda babu wuta.

Kada kuma ka juya ka sa 5.0Ah a kan komai. Nauyinsa giram 600 zuwa 700 ne, na 2.0Ah kuwa bai wuce 400 ba. Wanda zai wuni yana ɗaure sukuru a silin, hannunsa sama, zai ji wannan bambancin a kafaɗarsa kafin azahar. Ƙaramin batir na huda da ɗauri, babba na yanka.

Wata dabara a wajen yanka: faranti siriri na milimita 1 yana cin wuta ƙasa da mai kauri, kuma in ka bar nauyin injin ya yi aikin ba ka danne shi ba, batirin zai kai ka nesa.

Ina da batiran kamfani ɗaya guda huɗu, na kuma sami injin wani kamfani da araha. Na ga ana sayar da adafta da ke haɗa su. Akwai matsala? Daga wani mai aikin rufi.

Akwai, kuma ya kamata ka san ta kafin ka saya. Batirin litiyam yana bukatar mai tsaro da zai yanke wuta in ƙwaya ta sauka zuwa wajen 2.5V, ko in zafi ya yi yawa. Kamfanoni ba su ajiye wannan mai tsaron a wuri ɗaya ba. A ONE+ na Ryobi yana cikin batirin, domin an yi shi ya yi aiki da tsofaffin injina da ba su da wata dabara a cikinsu. A DeWalt injin ne ke lura ya tsaya. A wasu kuma inji da batir ne ke magana da juna ta ƙananan haƙoran da ke tsakanin manyan biyun. Adafta mai araha manyan haƙora biyu kawai take haɗawa, na wuta mai fita da mai komowa. To in ka ɗauki batirin da ya dogara da inji ya tsare shi, ka sa a injin da shi ma ya dogara da batir ya tsare kansa, babu mai tsaron kowa. Injin zai yi ta ja har ƙwayoyin su sauka ƙasa da iyaka, ka kai caja ta ƙi karɓa.

Matsala ta biyu siraran wayoyin da ke cikin adaftar ne. A kan fitila ko injin hura iska ba za ka ga komai ba. A kan zarto mai jan amfiya 40 za su yi zafi, robar ta narke, wani lokaci ta manne a haƙoran batirin.

In dole ne, ka tsaya a kan injina masu cin wuta kaɗan. Ka riƙa danna maɓallin duba caji, ka cire batir da zarar ya rage fitila ɗaya. Ka zare adaftar daga jikin batir bayan aiki, domin masu ramin USB suna tsotsar wuta a hankali ko ba a aiki. Kada ka taɓa yin caji ta cikin adafta, kowane batir a cajarsa. Ka kuma sani cewa garanti ba ya rufe abin da ya lalace ta wannan hanya.

In abin da kake so shi ne batir ɗaya ya yi aiki a injinan kamfanoni da yawa bisa ƙa'ida, akwai ƙawancen da aka kafa don haka. Metabo ta jagoranci CAS a 2018 tare da kamfanoni irin su Mafell da Rothenberger. Bosch tana da AMPShare tun 2022 don injinanta na ƙwararru, Fein na ciki. A waɗannan, mazauni da tsarin kariya duk ɗaya ne, babu adafta.

Na sayi batirin Makita 18V amma ya ƙi shiga injina na Makita 18V. An cuce ni ne? Daga wani mai karatu.

Ba lalle ba. Sunan kamfani ɗaya da V ɗaya ba su isa ba. Makita tana da LXT, tana kuma da wani layi mai araha da ake kira G, duka 18V, kuma ba sa shiga juna. Bosch tana da shuɗi na ƙwararru da kore na aikin gida, batiransu na 18V daban ne. DeWalt tana da tsohon 18V mai wuya da ake cusawa cikin mariƙi, da sabo mai zamewa. Milwaukee da Ryobi kamfani ɗaya ne ke ƙera su, TTI, amma ba su haɗa batir ba. Metabo HPT da ake sayarwa a Amurka kuwa HiKOKI ce, ba ruwanta da batirin Metabo na Jamus. Duba lambar samfurin da ke jikin tsohon batirinka ko takardar injin, ka koma da injin a hannu ka gwada kafin ka biya.

Naji ana cewa 18V ya tsufa, yanzu zamanin 40V da 54V ne. Ni da zan fara yau, in tsallake kawai? Daga wani ɗan kwangilar gini.

Alhaji, amfanin babban V gaskiya ne, amma a manyan injina yake. Injin da ke neman wat 800, a kan 18V amfiya 44 zai ja, a kan 36V kuwa 22. Zafin da waya da haƙora ke yi yana tafiya ne da ninkin amfiya a kanta, saboda haka in amfiya ta ragu da rabi, zafin a waya iri ɗaya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa babban injin fasa kankare, giranda mai faranti milimita 230, zarton sarƙa da zarton tebur suka fi sakewa a kan 36V ko 54V. Injin huda da na ɗaure sukuru ba sa cin wutar da za su amfana sosai, sai dai ƙarin nauyi da tsada.

Kamfanonin sun bi hanyoyi daban, kuma wannan ne ya shafe ka. FlexVolt na DeWalt, da ya fito a 2016, batir ne mai sauya jerin ƙwayoyinsa da kansa: a babban inji ya ba da 54V, a ƙarami 18V. Batirin FlexVolt yana shiga injin 18V, amma batirin 18V ba ya tada injin 54V. MultiVolt na HiKOKI haka yake tsakanin 36V da 18V. Makita tana da injina masu cin batirin LXT biyu a haɗe su ba da 36V, wanda ke da amfani ga mai tarin LXT, sannan tana da XGT mai 40V wanda dangi ne daban, ba ya shiga LXT. Milwaukee ta bar yawancin manyan injinanta na hannu a kan M18 ta ƙara wa baturan ƙarfi.

Wajen kwatanta farashi, Wh za ka duba. Batirin XGT mai 4.0Ah yana da 144Wh, daidai da 18V mai 8.0Ah. FlexVolt da aka rubuta wa 9.0Ah, wannan lissafin 18V ne, a kan 54V 3.0Ah ne, duka 162Wh. In rabin aikinka fasa kankare ne da yankan manyan katakai, fara da babban. In ba haka ba, 18V zai yi maka shekaru.

Tun da kana tafiye-tafiye da kaya, ka lura da dokar jirgin sama: batirin da ba a jikin inji ba a jakar hannu ake ɗaukarsa, a rufe haƙoransa. Har 100Wh babu matsala, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin kuma guda biyu kawai, sama da 160 ba a yarda fasinja ya ɗauka ba.

Aikina bai wuce rataye labule, haɗa kabad da ɗaure hannun ƙofa ba. Ina bukatar 18V? Daga wata uwargida.

A'a, Hajiya. Injin huda mai 12V da batirin 2.0Ah guda biyu ya ishe ki, ya fi sauƙi a hannu kuma yana shiga lungun kabad. In bangon bulo ne ko siminti, ki nemi mai alamar guduma a jikin zoben da ake juyawa, ki sayi bakin huda na bango milimita 6 da 8. Sai in kina da niyyar sayen injin shara ko na yankan ciyawa nan gaba ne za mu ce ki fara da 18V, don batir ɗaya ya yi miki duka. Tun da injin zai riƙa yin watanni a ajiye, ki bar batirin a rabin caji, a cire daga jikin inji, ki duba shi bayan kowane wata uku zuwa shida.

Ta yaya zan gane batirin jabu? Na ga mai 9.0Ah da girmansa daidai da 5.0Ah na, kuɗinsa kuma kashi ɗaya cikin uku ne na na asali. Daga wani makaniki.

Ka riga ka gane shi. Kwanson 5.0Ah ƙwaya goma na 18650 yake ɗauka, layi biyu. Ƙwayar 18650 mai jure jan wuta irin na injin aiki ba ta wuce 3.0Ah ba, biyu sun ba da 6.0Ah. Babu yadda 9.0Ah zai fito daga wannan kwanson. Araha ba ta ado.

Gwaji uku za ka yi. Na farko sikeli: ƙwayoyi goma na kirki kaɗai sun kai giram 450, da kwanso da allo a wuce 600. In ka ga 400 da 'yan kai, ko ƙwayoyin marasa kyau ne ko ba su cika goma ba. Na biyu agogo: yi aiki da shi har ya ƙare, sa a caja, ka duba amfiyar da aka rubuta a gindin cajar. Ninka ta da awannin da ya ɗauka. Caja mai amfiya 3 da ta cika batir cikin minti 40 ta zuba kusan 2.0Ah ne, ko me aka rubuta a jikinsa. Na uku zafi: sa shi a zarto ko giranda na minti biyu ka taɓa. Na jabu yakan yi zafi da wuri, injin kuma ya yi sanyin gudu.

Abin da ya fi damunmu da na jabu shi ne abin da ba a gani. Batirin kirki yana da na'urar auna zafi a manne da ƙwayoyi da wayoyin da ke lura da kowane rukunin ƙwayoyi. A wasu na jabu an sa wani ɗan abu ne da ke gaya wa caja cewa zafi daidai yake a kowane lokaci, saboda haka caja za ta ci gaba da zuba wuta ko da ƙwaya tana dahuwa. In ka riga ka saya, kada ka yi cajinsa da dare ko ba kowa a wurin, kuma ka ɗora cajar a kan siminti nesa da fetur, tsumma da garin katako.

An aiko mini da saiti daga Amurka. Zan iya sa cajar a wutar 230V? Kuma janareta ko inbata fa? Daga wani mai karatu.

Juya cajar ka karanta. In an rubuta 120V kaɗai, kada ka sa, za ta ƙone nan take, kuma canza kan fulogi ba ya canza komai. Ko ka sayi taransifoma mai sauke wuta zuwa 120V mai ɗaukar aƙalla wat 500, ko ka sayi cajar kamfanin ta 220V zuwa 240V, wadda ta fi. Batirin da injin ba ruwansu da wutar ƙasa, za su yi aiki da kowace cajar danginsu. Janareta kuwa, ka bari ya daidaita kafin ka sa caja, ka cire ta kafin ka kashe shi, kuma kada ka haɗa ta layi ɗaya da injin walda. Inbata ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta layin gwamnati, domin mai araha da wutarta ke da gaɓa-gaɓa tana sa wasu cajoji zafi har su mutu.

Ka lura da saurin cajar ma. Mai amfiya 2 da ake sakawa a saiti mai araha tana ɗaukar awa biyu da rabi kafin ta cika 5.0Ah. Mai sauri mai fanka, irin DC18RC ta Makita, minti 45 take yi. Ga mai aikin yini, caja mai sauri da batir biyu sun fi batir huɗu da caja mai jan ƙafa.

Batirina ya ƙi caji, fitila tana ta ƙiftawa. Wani ya ce in haɗa shi da waya da wani batir mai caji ya farfaɗo. In yi? Daga wani mai aikin alminiyam.

Dakata tukuna, Malam. Fara da abu mai sauƙi. In daga aiki ka cire shi ko ya sha rana, caja ba za ta fara ba sai ya huce, domin yawancinsu ba sa caji in batir ya wuce digiri 40 ko ya yi sanyi ƙwarai. Ajiye shi a inuwa minti 30 ka sake. Goge haƙoran da busasshen burushi, ƙurar alminiyam tana shiga tsakaninsu ta rikita caja. Gwada wani batir a cajar don ka san ba ita ce ta mutu ba.

In duk wannan bai yi ba, sa mita a manyan haƙora biyu. Batirin 18V da ya ƙare lafiya yana nuna 15V zuwa 16V. In ka ga ƙasa da 12.5V, aƙalla rukuni ɗaya ya sauka ƙasa da iyaka. Ƙwayar da ta daɗe ƙasa da 2V, jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa, in aka tura mata wuta ya sake daskarewa a matsayin siraran tsinke da ke iya huda shingen da ke tsakiya. Irin wannan ƙwaya tana iya karɓar caji yau ta kama wuta bayan mako. Haɗa batir da batir da waya kuma babu abin da ke iyakance amfiyar da za ta kwarara. Ba mu ba da shawarar a yi ba. Kada kuma ka yi ta cusa shi a caja kana cirewa, wasu batura suna kulle kansu har abada bayan caja ta ƙi su sau da yawa.

Gyara na gaskiya shi ne mai gyara ya buɗe, ya auna rukunai biyar ɗaya bayan ɗaya. Bambanci tsakaninsu bai kamata ya wuce 0.1V ba. In ɗaya ya mutu, a canza ƙwayoyin duka da sababbi iri ɗaya masu jure amfiya 20 ko fiye, domin sabuwa a cikin tsofaffi ba za su cika tare ba. Kada a yarda da ƙwayoyin da aka ciro daga batirin kwamfuta, an yi su ne don jan wuta kaɗan. A haɗa su da zirin nikel da injin walda na ɗigo, ba da dalma ba, saboda zafin kan dalma yana lalata murfin ƙwayar. A mayar da na'urar auna zafi inda take. In kuɗin wannan aikin ya kai kashi biyu cikin uku na sabon batir, sayi sabo.

Batirin da ya kumbura, ya tsage, ya faɗa ruwa, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ba na gyara ba ne. Fitar da shi waje a kan yashi ko siminti, naɗe haƙoransa da salatif, ka kai inda ake karɓar tsofaffin batura, kada ka jefa a shara ko a wuta. Sauran da ke da lafiya kuma kada ka bar su a rufaffiyar mota da rana, zafin da ya kai digiri 50 yana cin ransu ko ba a aiki da su, kuma kada ka jefa su jaka ɗaya da ƙusoshi da sukurori ba tare da murfin haƙora ba.